Aiki daga gida: ƙwazo yake ƙarawa ko ragewa, kuma yaya manaja zai yi da shi?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sashen lissafin kuɗi a wani kamfani. Shugabanninmu sun ce kowane shugaban sashe ya kawo shawara a rubuce: ko a ci gaba da barin ma'aikata suna aiki daga gida wasu ranaku, ko kowa ya dawo ofis Litinin zuwa Juma'a. Rahoton ƙarshen wata yana fita a kan lokaci kamar da, kurakurai ma ba su ƙaru ba, amma hankalina bai kwanta ba, don ban san abin da mutanena ke yi da tsakar rana ba. Ina son in rubuta abin da zan iya karewa da hujja. Waɗanda suka san harkar, ku taimaka.

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Ka ce su dawo. Na daɗe ina shugabantar mutane, kuma abin da na sani shi ne, wanda ake gani ya fi riƙe aikinsa da muhimmanci. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Da na shiga ofis na dubi fuskar yaro zan gane ko aiki ya fi ƙarfinsa, ko akwai abin da ke damunsa, tun kafin abin ya fito a rahoto. Wannan ba za ka same shi ta imel ba. Manyan kamfanonin ma ai komawa suke yi. Yahoo ta soke aiki daga gida tun 2013, IBM da ta yi fice a kansa ta kira dubban ma'aikatanta ofis a 2017, Amazon kuma ta ce kwana biyar a ofis daga farkon 2025. Waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Injiniya Bashir:
Ranka ya daɗe, akwai kuma waɗanda ba su da ofis ko ɗaya suna tafiya lafiya. Kamfanin manhaja na GitLab haka yake, ma'aikatansa a warwatse suke a ƙasashe da yawa, kuma kundin yadda suke gudanar da aiki yana kan intanet, kowa na iya karantawa. Ni rubuta manhaja nake yi. Aikina na buƙatar in zauna awa uku ba wanda ya taɓa ni. A ofis ba na samun haka, wannan ya zo da tambaya, wancan ya kira mitin. In an katse ni, sai na ɗau lokaci kafin in koma inda tunanina ya tsaya. A gida kafin rana ta take na gama abin da ke cin mini yini guda a ofis.

Dakta Lawal:
Kafin a ci gaba da jero sunayen kamfanoni, ku lura cewa shawarar da kamfani ya yanke ba ta nuna mana ko aiki ya ƙaru ko ya ragu. Kamfani na iya kiran mutane ofis saboda hayar ginin da ya riga ya kama, ko don yana son wasu su gaji su ajiye aiki da kansu. Abin da ya fi amfani shi ne inda aka yi gwaji aka auna.

Wanda aka fi ambato shi ne na kamfanin Ctrip, mai harkar tafiye-tafiye a birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi da abokan aikinsa, aka wallafa a 2015. An ɗauki masu amsa kiran waya da suka ce suna son aiki daga gida, aka raba su biyu bisa ranar haihuwarsu don kada a ce manaja ne ya zaɓi na kirki. Rabi suka koma gida kwana huɗu a mako har tsawon wata tara, rabi suka zauna a ofis. Aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Kusan kashi 9 daga ciki ya fito ne daga ƙarin mintunan aiki, wato ƙarancin hutun tsakiyar aiki da ƙarancin ranakun rashin lafiya. Sauran kashi 4 kuma daga shirun da suka samu, suna gama kira da sauri. Masu barin aiki a cikinsu sun ragu da kusan rabi.

Injiniya Bashir:
To Alhaji, ka ji.

Dakta Lawal:
Dakata Injiniya, ban gama ba. A wannan gwajin dai, na gida sun fi aiki amma ba su samu ƙarin girma daidai da ƙwazonsu ba. Da aka kammala aka ba kowa zaɓi, kusan rabin waɗanda suka yi aiki a gida sun nemi komawa ofis, da yawansu saboda kaɗaici. Sannan akwai binciken da ya nuna akasin haka. A birnin Chennai na Indiya an gwada masu shigar da bayanai a kwamfuta, sababbin ɗauka, aka raba su ta ƙuri'a, sai aikin na gida ya gaza na 'yan ofis da kashi 18 cikin 100. Wani binciken kuma a wani babban kamfanin fasahar sadarwa na Indiya, mai ma'aikata fiye da 10,000 a cikin nazarin, ya gano cewa lokacin korona awannin aiki sun ƙaru, amma abin da ake fitarwa bai ƙaru ba, har ya ɗan ragu. Lokacin ya tafi ne a mitin da ƙoƙarin haɗa kan aiki.

Alhaji Tanko:
Madalla. Ashe dai ba tsufa ke sa ni magana ba.

Hajiya Rabi:
Dakta, ni a sashen kula da ma'aikata nake, kuma abin da na fahimta daga abin da ka kawo shi ne, amsar tana bin irin aikin da kuma irin mutumin. Na Shanghai sun riga sun iya aikinsu kafin su koma gida, kuma aikinsu abu ne da ake ƙirgawa: kira nawa ka amsa, oda nawa ka kammala. Na Chennai kuwa sababbi ne, suna koyo. Su kuma na lokacin korona, an tura su gida ne ba shiri, ga yara a gida makarantu a rufe. In aka haɗa duk waɗannan aka kira su abu ɗaya, za a yi ta musu har gobe.

Malam Habu, ka ce rahoto na fita a kan lokaci, kuskure bai ƙaru ba. Ke nan ma'aunin da kake da shi ya ce aiki na tafiya. Abin da ka rasa shi ne ganin mutane. Ka tambayi kanka, a da can da kake ganinsu, me kake gani? Kana ganin mutum zaune gaban kwamfuta. Ba ka ganin abin da ke kan allonsa, balle abin da ke cikin kansa. Yawancinmu an horar da mu a kan rajistar zuwa aiki, wanda ya riga zuwa ya kuma yi daren tashi shi ne haziƙi. Da aka ɗauke rajistar sai ya bayyana cewa manajoji da yawa ba su taɓa zama sun rubuta abin da suke so daga kowane ma'aikaci a mako ba. Wannan giɓin ya daɗe yana nan, zaman ofis ne ya rufe shi.

Malam Habu:
Hajiya, na ji wannan, amma ba duk aikin sashena ne ke shiga rahoto ba. Akwai wanda zai lura cewa wata takardar biyan kuɗi ba ta yi kama da na kullum ba, ya juya ya tambayi na kusa da shi. Irin wannan ba a rubuta shi cikin aikin mako, kuma shi ne ke kare kamfani daga asara.

Dakta Lawal:
Wannan damuwar tana da tushe. Microsoft ta yi nazari a kan ma'aikatanta fiye da 61,000 a Amurka, aka wallafa a 2021. Da kowa ya koma gida, mutane sun ƙara manne wa 'yan sashensu, hulɗarsu da sauran sassa ta ragu, aka kuma koma ga imel da saƙonni fiye da magana kai tsaye. Aikin yau da kullum bai tsaya ba, amma hanyoyin da labari ke bi daga wannan sashe zuwa wancan sun tsuke. Illar irin wannan ba ta fitowa a wata ɗaya.

Zainab:
Ina neman izini in sa baki, ni ƙarama ce a cikinku. Na fara aiki ne a wurin da kusan kowa daga gida yake yi. Duk wanda ke yabon tsarin a nan ya riga ya koyi aikinsa a ofis, ya san mutane, ya san wanda zai kira. Ni kuwa in na maƙale, sai in yi ta juya saƙon a raina: in tura wa shugabata ko za ta ce abu kaɗan ma ban sani ba? Sai in ɓata rabin yini a kan abin da wanda ya sani zai nuna mini cikin minti biyar. Kuma akwai abubuwan da ban ma san ya kamata in tambaya ba. Yadda ake lallashin abokin ciniki da ya fusata, yadda ake faɗa wa babba cewa lissafinsa bai yi daidai ba, waɗannan da kunne ake ɗaukarsu in ana zaune kusa da masu yi.

Injiniya Bashir:
Ƙanwata, wannan laifin kamfaninku ne da bai rubuta komai ba. Inda aka tsara abin da kyau, akwai kundi, ki bincika ki samu amsa, kuma akan haɗa sabon ma'aikaci da wani tsoho da zai riƙa bibiyarsa.

Zainab:
Yaya Bashir, kundi yana amsa tambayar da na san yadda zan yi ta. Kuma tsakani da Allah, kai da ka ce ka fi son awa uku ba wanda ya taɓa ka, sau nawa kake kiran ƙananan sashenku ka duba aikinsu ba tare da sun nema ba?

Dakta Lawal:
Tambayar Zainab ta faɗa daidai kan wani bincike da Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais suka yi a kan masu rubuta manhaja a wani babban kamfani a Amurka. Waɗanda ke zaune gini ɗaya da 'yan rukuninsu sun fi samun gyara da shawara a kan aikinsu, kuma waɗanda suka fi cin moriyar haka su ne ƙanana da mata. Amma manyan da ke ba da gyaran, nasu aikin yana raguwa, tunda lokacinsu ke tafiya. Ke nan Injiniya bai yi ƙarya ba da ya ce a gida ya fi fitar da aiki. Wani ɓangare na wannan ƙarin, lokacin koyar da irin su Zainab ne ya koma cikin aikinsa. Kamfani zai ga riba a bana, bayan 'yan shekaru kuma ya nemi ƙwararrun da zai ɗora a kan sassa ya rasa.

Injiniya Bashir:
Wannan zan karɓa, amma da sharaɗi. In koyarwa aiki ce, a sa ta cikin abin da ake auna ni da shi. Ba zai yiwu a ƙarshen shekara a tambaye ni manhaja nawa na kammala kawai, sannan a ce me ya sa ban ba yara lokaci ba.

Hajiya Rabi:
Nan ne ya kamata manaja ya sa hannu. Abin da ke faruwa da kansa a ofis, a nesa sai an tsara shi da gangan, an ba shi lokaci da suna a jadawali.

Alhaji Tanko:
Duk wannan tsare-tsaren da kuke lissafawa, ofis na ba da su kyauta. Amma in dole ne sai an yi daga gida, ai akwai manhajojin da ke nuna lokacin da mutum ya kunna kwamfuta da abin da yake buɗewa. Malam Habu ya sa a saka musu, hankalinsa ya kwanta.

Hajiya Rabi:
Alhaji, don Allah kada ka ba shi wannan shawarar. Manhajar tana ƙirga motsin linzamin kwamfuta da danna madannai, ita ba ta san aiki ba. Akawun da ya tsaya yana nazarin takarda da biro a hannu, a wurinta malalaci ne. Da zarar ma'aikata sun gane abin da ake ƙirgawa, shi za su riƙa samarwa. Har 'yan na'urori ake sayarwa masu motsa linzami da kansu. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma bisa zargin yin dabarar da ke nuna kamar suna danna madannai. Dubi inda aka kai: kamfani na kashe kuɗi yana sa ido, ma'aikaci na kashe basira yana kaucewa, aikin kansa ba wanda ya duba. Kuma mutumin kirkin da bai taɓa ha'inci ba, ranar da ya gane ana ɗaukar hoton allonsa, daga ranar ya fara neman wani wurin.

A 2022 Microsoft ta yi wata ƙididdiga a ƙasashe da dama: kashi 87 cikin 100 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, kashi 85 na shugabanni kuma sun ce tsarin raba aiki tsakanin gida da ofis ya sa da wuya su tabbatar da hakan. Rashin natsuwar Malam Habu ke nan, ba shi kaɗai ba ne. Maganinta shi ne a yi yarjejeniya a fili kan abin da za a kawo da ranar da za a kawo shi, sannan manaja ya zauna da kowa shi kaɗai a kai a kai, ya ji inda ya maƙale.

Maman Hanif:
Ina ta karantawa, ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Ana ta tsoron cewa na gida ba ya aiki, ni kuwa matsalata aikin ba ya ƙarewa. Da ina zuwa ofis, in na fito na fito. Yanzu saƙo na shigowa da dare, kuma tunda an san kwamfutar na gabana, ana jiran amsa. Lokacin da na samu daga rashin zirga-zirgar hanya, wanda shi ne babban amfanin abin a wurina, mitin ya cinye shi. Wani mitin ɗin ma saƙo mai layi uku ya isa a madadinsa, amma saboda shugaba na son ya ga fuskoki sai a tara mutum goma awa guda. Duk da haka ba na son komawa kwana biyar. Da an tilasta mini, da na ajiye aikin, domin tsarin nan ne ya ba ni damar riƙe aiki da kula da yara tare. Abin da nake so shi ne a sa iyaka.

Dakta Lawal:
Wasu ƙasashe sun mai da iyakar doka. A Faransa tun farkon 2017 kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama dole su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya da imel bayan an tashi. Fotugal ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa a 2021, in ba da larura ba, Ostareliya ma ta kawo nata a 2024. Italiya kuwa dokarta ta 2017 ta tanadi a rubuta yarjejeniya tsakanin ma'aikacin da ke aiki daga nesa da kamfani, har da lokutan hutu. Amma ko babu doka, shugaban sashe na iya cewa saƙon da ya shigo bayan an tashi, amsarsa sai gobe, kuma ya fara da kansa.

Maganar ajiye aiki da Maman Hanif ta yi ita ce ta kawo ni ga gwajin da ya fi kusa da tambayar Malam Habu. Kamfanin nan na Shanghai, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake gwaji a kan ma'aikata 1,612, injiniyoyi da masu talla da masu lissafin kuɗi, aka wallafa a mujallar Nature a 2024. Rukuni ɗaya kwana biyar a ofis, ɗayan kuma an ba su damar yin Laraba da Juma'a a gida. Da aka bi sakamakon har shekara biyu, ba a ga bambanci a kimanta ƙwazo ko ƙarin girma ba, amma masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa. Manajojin ma kafin gwajin suna ganin abin zai rage aiki, bayan sun gani da idonsu ra'ayinsu ya sauya.

Alhaji Tanko:
Kwana uku a ofis ai ofis ne ya fi yawa. Wannan zan iya zama da shi. Wanda ba zan yarda da shi ba shi ne kowa ya zaɓi ranar da ya ga dama. Na ga inda aka yi haka: mutum ya sha hanya ya zo, ya tarar 'yan sashensa duk suna gida, ya zauna shi kaɗai yana mitin da su ta bidiyo. Sannan ku tuna da direba da mai gadi da mai karɓar baƙi da na ɗakin ajiya, waɗanda aikinsu ba ya ɗaukuwa zuwa gida. Suna kallon wasu na samun sauƙin da su ba za su samu ba. Shugaban da bai yi tunanin wannan ba zai raba kan ma'aikatansa.

Malam Habu:
Na gode ƙwarai. Ga abin da nake shirin rubutawa. Ranakun ofis su zama ɗaya ga duk sashen, kuma a makon rufe lissafin wata kowa ya zo, don a lokacin ne ake buƙatar juyawa a tambayi na kusa. Sabon ma'aikaci ya yi watanninsa na farko a ofis, tare da wanda aka ɗora wa koyar da shi, kuma a sa koyarwar cikin kimanta aikin babban. Ba zan nemi manhajar sa ido ba. Abin da ban warware ba shi ne ƙarin girma. Ina tsoron in riƙa fifita wanda na fi gani ba tare da na lura ba.

Zainab:
Malam, in za a ce sabo ya zo ofis, a tabbatar manyan ma suna nan a ranakun. In ba haka ba an dai canza masa wurin zaman kaɗaici ne.

Hajiya Rabi:
Kan ƙarin girma, ka rubuta ma'aunin tun farkon shekara, kowa ya gani. Lokacin yanke shawara ka ɗauko abin da kowa ya kammala ka jera kafin ka kira sunan kowa a ranka, kuma ka sa wani shugaban sashe da ba ya zama da su ya duba tare da kai. Bayan shekara ka kwatanta: cikin waɗanda aka ƙara wa girma, nawa ne masu yawan zuwa ofis, nawa ne masu yawan zama gida. Sannan tun kafin a canza komai, ka ajiye alƙaluman yanzu: ranar da rahoto ke fita, yawan gyaran da ake yi bayan an rufe lissafi, mutum nawa suka bar sashen. In shugabanninku suka dawo bayan wata shida suka ce a sake dubawa, da waɗannan za ka shiga ɗakin taron. Mutum nawa ne a sashen naka, kuma nawa ne ba su cika shekara ba? In ka faɗa mini zan turo maka samfurin takardar yarjejeniyar da muke amfani da ita, ka gyara ta daidai da naku.